Miƙa da Numfashi: Abin da Mutanen Fadama Za Su Ɗauka Daga Yoga

Masu sauraronmu na Nguru da Gashuwa, da na Jakusko da Karasuwa da Machina da Yusufari, har da maƙwabtanmu na Birniwa da Guri da suke kama mu daga jihar Jigawa, barkanmu da warhaka.  

Yau maganarmu a kan ciwon baya da ƙugu ce, da ƙwayoyin da muke haɗiya saboda shi, da kuma wani motsa jiki mai suna yoga, wanda da yawanmu a fim ɗin Indiya muka fara ganinsa. Na san akwai wanda daga jin sunan zai kai hannu ga rediyo ya murɗa, ko dai don yana ganin harkar masu hutu ce, ko don yana shakkar addini. Malam, Hajiya, a ɗan dakata mana. Duka biyun za mu taɓo su, kuma ba za mu yi rufa-rufa ba.

Mu mutanen fadama ne. Ruwan Haɗejiya da na Jama'are ne suke malalowa su cika mana tafkuna, sannan su haɗu su zama kogin Yobe da ya bi ta gefen Gashuwa. Da shi muke noman shinkafa, da shi muke su, da shi muke noman rani da kiwo. Arziki ne babba, mun gode Allah. To amma a duba da kyau, kusan duk aikin da ke ciyar da mu a duƙe ake yinsa. Mai dashen shinkafa yana sunkuye cikin taɓo tun hantsi. In ta nuna, a sunkuye zai yanke ta da lauje. Masunci yana jan taru da ƙugunsa. Ɗan dako yana sungumar buhu daga ƙasa. Iyayenmu mata kuwa nasu ya fi na kowa: shara da gajeriyar tsintsiya, wanki a tsugune, daka, tuƙin tuwo, ga goyo a baya. Waɗanda ba sa duƙawa kuma zama ne ya cinye su, kamar tela a kan kekensa, da direba, da ma'aikacin ofis, da ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Gashuwa da ke kwana a kan littafi.

Manomi zai ce, "Ni da nake yini ina zufa a gona, wane motsa jiki kuma za a koya mini?" Gaskiyarka, Baba, ƙarfin aiki ba ka rasa shi ba, kuma zuciyarka tana amfana da wannan zufar. Abin da aikin bai ba ka ba shi ne miƙewa. Jiki yana sabawa da yanayin da aka fi ajiye shi. Idan shekara da shekaru gefe ɗaya kake lanƙwasa shi, wasu tsokoki sai su ɗaure su gajarce, musamman na bayan cinya da na gaban ƙugu, wasu kuma su yi sanyi don ba a sa su aiki. Shi ya sa za ka ga ƙaƙƙarfan mutum wanda zai ɗaga buhun shinkafa shi kaɗai, amma in ya tashi daga tabarma sai ya dafa gwiwa, ya ɗan jima kafin bayansa ya miƙe.

Ba mu kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne suke fama da ciwon ƙasan baya, kuma babu wata lalura da ta kai shi hana mutane aiki a duniya. Abin da ya sa na ɗauko zancen a nan shi ne yadda muke maganinsa.

Kowa ya san yadda ake yi. Magariba ta yi, jiki ya yi tsami, sai a biya kemis ko wajen mai tallar magani a ce, "A ba ni na ciwon jiki." A ƙulla wa mutum haɗi a leda, ja da fari da rawaya, bai san sunan ko ɗaya ba. Sau da yawa a ciki akwai irin su diklofenak da ibufrofen, wani lokaci ma biyu a haɗe alhali aikinsu ɗaya. Magunguna ne na gaskiya, likitoci suna rubuta su, kuma suna kashe zafin ciwo. Illar tana wajen mayar da su abincin kullum. Hanyar da suke bi su rage ciwo ita ce hana jiki samar da wani sinadari, kuma wannan sinadarin shi ne yake taimakawa hanyoyin jinin ƙoda su zauna a buɗe. A lokacin da mutum yake da isasshen ruwa a jiki, ƙoda tana iya jurewa. Amma ka ɗauki mutumin da ya yini a rana a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafin garuruwanmu yake haura digiri 40, ya zubar da zufa, bai sha ruwan kirki ba, sannan ya ɗora ƙwayar a kai. A daidai lokacin da ƙodarsa ta fi bukatar jini, a lokacin aka rage mata. Yau da gobe, ga kuma gyambon ciki da waɗannan magunguna suke jawowa.

Ba sai na gaya wa mutumin ƙasar Bade, wato Gashuwa da kewayenta, mene ne ciwon ƙoda ba. Da wuya a sami unguwar da ba ta yi jinya ba, ko ba ta tara kuɗin wankin ƙoda ba, ko ba ta yi zaman makoki ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Likitoci da masu bincike suna duba ruwan sha, da magungunan feshi, da zafin rana, da sauran dalilai. An ga makamancin wannan a wajen masu yankan rake a Nikaraguwa da Salbado, da manoman shinkafa a Siri Lanka, duk mutanen da ke aikin ƙarfi cikin zafi. Abin da kuma aka tabbatar a ko'ina shi ne hawan jini da ciwon suga su ne kan gaba wajen lalata ƙoda, kuma yawan shan maganin ciwon jiki yana ƙara mata nauyi.

A nan ina so a saurare ni da kunne biyu. Yoga ba ta maganin ciwon ƙoda. Duk wanda ya ce maka tana yi, ko a waya ka gani ko a bakin kasuwa, ka rabu da shi. Abin da nake cewa bai kai haka girma ba, amma yana da daraja: idan akwai abin da mutum zai yi a kan tabarmarsa, ba ko sisi, wanda zai rage masa ciwon baya har ya rage zuwa kemis, kuma ya ɗan taimaka masa wajen hawan jini, to mu da muke wannan yanki mun fi kowa bukatarsa.

Yoga daga Indiya ta fito, kuma tsohon abu ne ƙwarai. A asalinta tana haɗe da aƙidun mutanen can, amma wadda ta bazu a duniya cikin ƙarnin da ya wuce ta fi karkata ga abu uku: miƙa jiki a tsaya a wani yanayi na ɗan lokaci, sarrafa numfashi, da hutawa cikin natsuwa. A watan Disamba na 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Yuni a matsayin ranarta, aka fara bikin a 2015. Wannan bai dame mu ba sosai. Abin tambaya shi ne, da likitoci suka gwada ta, me suka gani?

A Ingila, masu bincike na Jami'ar Yok sun ɗauki mutum 313 masu daɗaɗɗen ciwon baya. Wasu aka sa su ajin yoga na mako 12, wasu aka bar su da kulawar da suka saba samu. Sakamakon da ya fito a 2011 ya nuna 'yan ajin sun fi iya gudanar da ayyukansu na yau da kullum, ko da yake ciwon bai ɓace ba. Wanda ya fi kama da halinmu shi ne na birnin Boston a Amurka, da aka buga a 2017, domin mutum 320 da aka gwada yawancinsu masu ƙaramin ƙarfi ne. An raba su uku: masu yoga, masu zuwa gashi wajen ƙwararru, da waɗanda aka ba littafin bayani. Bayan mako 12, yoga ta yi kafaɗa da kafaɗa da gashin asibiti, kuma masu yoga da masu gashi sun fi 'yan littafi barin shan maganin ciwo. A wannan shekarar ce kuma ƙungiyar likitocin Amurka ta ba da shawarar cewa mai daɗaɗɗen ciwon baya ya fara da hanyoyin da ba na ƙwaya ba, ta lissafa yoga a ciki.

Kada in yi muku ƙari. Da aka tattara gwaje-gwaje masu yawa aka auna, amfanin matsakaici ne, kuma bai fi na sauran motsa jikin baya da aka tsara da kyau ba. Haka ma a hawan jini, 'yan lambobi kaɗan take saukarwa, ba ta maye gurbin magani. Ni a ganina wannan bai rage mata komai ba. Asibitin da ke da sashen gashi, kamar Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru, ba kowa ne zai iya zuwa duk mako ba, balle mutumin ƙauye da zai biya kuɗin mota ya bar gonarsa. Tabarma kuwa kowa yana da ita.

Sai maganar addini, wadda ita ce ta fi tsaya wa mutanenmu a rai, kuma suna da hujja. A cikin yoga ta asali akwai kalmomin da ake maimaitawa na bautar Hindu, akwai kuma jerin motsi da ake kira gaisuwar rana. Musulmi bai yin wannan, kuma 'yan'uwanmu Kirista da ke zaune tare da mu su ma da yawansu suna ƙyamarsa. Malaman wasu ƙasashe sun zauna a kan batun. A Malesiya, majalisar fatawa ta ƙasa ta hana Musulmi yoga a 2008 saboda abubuwan bauta da ke cakuɗe da ita. A Indunisiya, a farkon 2009, majalisar malamai ta haramta wadda ke ɗauke da waɗannan kalmomi da ayyukan bauta, ta bar wadda motsa jiki ce zalla. Saudiyya kuma tun 2017 ta sa ta cikin wasannin motsa jiki da ake ba da izinin koyarwa. Ni ba malamin addini ba ne, fatawa kuma ta malamai ce, wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya je ya tambayi malaminsa. Abin da zan koyar yanzu babu kiran sunan kowa a ciki, babu fuskantar rana, babu haɗa tafi a rusuna wa wani abu. Irinsa ne ma'aikacin gashi zai nuna maka a asibiti. Wanda bai son sunan ma ya ajiye shi, ya ce miƙa yake yi. Kuma ina roƙon a daina abin da wasu suke yi na kwatanta salla da yoga. Salla ibada ce, don Allah ake yinta, ba a haɗa ta da komai.

To, wanda yake gida, a shimfiɗa tabarma. Wanda yake tuƙi ko yake bakin aiki, ya riƙe a ka sai ya koma.

Da numfashi za a fara, don shi ne ya fi sauƙi kuma shi aka fi rainawa. A zauna yadda aka saba, a ƙasa ko a kujera, baya a miƙe. A ɗora tafin hannu a kan ciki. A shaƙi iska ta hanci a hankali ana ƙirga ɗaya zuwa huɗu, a bari cikin ya taso ya ture hannun. Sannan a sake ta sannu-sannu ana ƙirga ɗaya zuwa shida. Fitarwar ta fi shaƙar tsawo, nan sirrin yake. Akwai wata doguwar jijiya da ta sauko daga ƙwaƙwalwa zuwa zuciya da ciki, aikinta kwantar da jiki. Duk lokacin da mutum ya fitar da numfashi a hankali, tana rage saurin bugun zuciya. Minti biyar ya isa. Wannan na mai yawan tunani ne, da wanda barci ke yi wa wuya, kuma mun san jihar nan tamu ta Yobe ta ga tashin hankali a shekarun baya, akwai waɗanda har yau firgici bai sake su ba. Numfashi zai taimaka musu su sami sauƙin dare, amma wanda abin ya yi wa yawa, asibiti akwai masu kula da wannan, kuma ba abin kunya ba ne.

Daga nan a durƙusa, gwiwoyi da tafukan hannu a ƙasa. In za a fitar da numfashi, a tura tsakiyar baya sama a sunkuyar da kai. In za a shaƙa, a saki bayan ya faɗa ƙasa kaɗan a ɗago kai. A yi ta kai da komowa kamar sau goma, ba gaggawa. Masu saƙar tabarma sun san kaba ba a lanƙwasa ta a bushe, sai an yayyafa mata ruwa ta yi laushi, in ba haka ba ta tsage. Wannan motsin shi ne yayyafin, kada a tsallake shi.

Na gaba shi ne wanda na fi so manomi da mai wanki su riƙe. A kwanta rub da ciki, a kafa gwiwar hannu a ƙasa daidai kafaɗa, a ɗago ƙirji, ƙugu yana manne da tabarma. A tsaya haka ana numfashi biyar ko shida, a sauka, a sake. Bayan da ya yini a lanƙwashe gaba, yanzu an mayar da shi ɗaya gefen. Ko a gona ma ana iya yin ɗan'uwansa: duk bayan ɗan lokaci a miƙe tsaye, a dafa ƙugu da hannu biyu, a ɗan gantsare baya sau uku, a sha ruwa, a koma aiki. A kan tabarmar kuma, sai a juya rigingine, a jawo gwiwa ɗaya zuwa ƙirji a rungume ta, a sake ta a jawo ɗayar. Sannan a kafa tafukan ƙafa a ƙasa, a ɗaga ƙugu sama a riƙe na ɗan lokaci, a sauke a hankali. Wannan ƙarfi yake sa wa tsokar ɗuwawu da ta baya, su ne masu ɗaukar nauyin da ƙashin baya yake kuka da shi.

Iyayenmu tsofaffi, ga naku. A tsaya kusa da bango, a dafa shi da hannu ɗaya, a ɗaga ƙafa ɗaya kaɗan daga ƙasa, a ƙirga goma, a canza. Abin kamar wasa, amma faɗuwa a banɗaki ko a bakin ƙofa ita ce take karya wa tsoho ƙugu ta kwantar da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar wanda ya kai shekara 65 ya riƙa yin motsin da ke gyara tsayuwa da ƙarfin ƙafa aƙalla kwana uku a mako. Jikoki, ku tsaya kusa da Kaka in tana yi.

A ƙarshe a kwanta rigingine a saki jiki gaba ɗaya na minti biyu ko uku. Duka-duka bai wuce kwata ɗaya ba. Lokacin da ya fi dacewa shi ne da sanyin safiya bayan an ɗan zazzaga jiki ya warware, ko da yamma kafin cin tuwo. Ba a yi da cikakken ciki. A Amurka akwai masu yin wata iri a ɗakin da aka zafafa da gangan har wajen digiri 40. Wannan ba tamu ba ce sam, mu inuwa za mu nema, da ruwan sha a kusa. Da azumi a bari sai bayan an sha ruwa abinci ya faɗa. Mata kuma ba sai an fita ko'ina ba, ba sai an sayi wata sutura ba, ɗaki ko tsakar gida ya wadatar. Kishiyoyi ko maƙwabta in suka haɗu su biyu su uku sun fi ɗorewa, don wata za ta tuna wa wata. Kuma kada wannan ya hana tafiyar ƙafa. Ma'aunin da aka ba baligi shi ne aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, mai zaman ofis da tela su ne suka fi bukatar cike wannan.

Akwai ja da ake ji a tsoka in ana miƙa ta, wannan babu laifi. Amma zafi mai suka, ko wanda yake harbawa zuwa ƙafa, ko jiri, alama ce ta a tsaya. Kada yaro ya ga hoton wani ya kafa kai a ƙasa ƙafafu a sama ya ce zai gwada. Mai hawan jini da mai hawan jinin ido ma wannan kafa kan haramiyarsu ce. Mai juna biyu kada ta kwanta rub da ciki, ta fara tambaya a wajen awo. Wanda aka yi wa aiki kwanan nan, da mai gwaiwa, da mai ciwon zuciya, da wanda aka riga aka ce ƙodarsa ta taɓu, su nemi izinin likita tukuna.

Wani ciwon bayan kuma ba na tabarma ba ne ko kaɗan. Idan ya zo da zazzaɓi ko rama ko zufar dare, yana iya zama tarin fuka ne ya kama ƙashin baya, kuma ana warkewa in an je da wuri. Idan ƙafa ta fara mutuwa, ko fitsari ko bayan gida ya riƙa kufcewa, ko ciwon ya biyo bayan faɗuwa ko hatsari, a tafi asibiti a ranar. Haka idan aka ga kumburin fuska da safe, ko kumburin ƙafa, ko fitsari mai kumfa, ko jini a ciki, ko raguwarsa. A kuma sani ciwon ƙoda yakan daɗe yana ci ba tare da ya yi zafi ba, don haka rashin ciwon baya ba shaida ce ta lafiyar ƙoda ba. Gwajin fitsari da na jini ne suke nunawa.

Saboda haka kafin a fara, ina roƙon kowane baligi ya je asibiti mafi kusa a auna masa jini. Idan awon ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, kuma aka maimaita aka sake samun haka, hawan jini ne, a karɓi magani a riƙe shi, a rage gishiri da dunƙulen miya, miƙar ta zama ƙari. Wanda kuma ya san ya daɗe yana shan haɗin kemis, ya ɗauki ledar ya tafi da ita ya nuna wa ma'aikacin lafiya, ya faɗi gaskiyar tsawon lokacin da ya yi yana sha, ya nemi a duba masa ƙoda. A ba miƙar mako shida zuwa goma sha biyu kafin a yanke mata hukunci, don masu binciken ma mako goma sha biyu suka jira.

Lokaci ya cim mana. Mai tambaya ya aiko ta hanyar da aka saba, za mu amsa a shiri na gaba in Allah ya kai mu.